Cefanen Farko a Sabon Gida

Kafin ki fita, buɗe kayan garar da aka kawo miki ki duba. Sau da yawa shinkafa, taliya da man gyaɗa suna ciki, amma sai amarya ta je ta sake saye. Rubuta abin da babu kawai.

Sannan ki raba kuɗin gida biyu: na kayan ajiya da na kayan miya.

Kayan ajiya, wato masara, gero, wake, manja, daddawa, kuka da busasshiyar kuɓewa, sau ɗaya ake sayensu a wata. Ranar Talata kasuwar Kawo da ke Kaduna ke ci, ki daidaita fitarki da ita. Mudu biyu zuwa uku na kowane hatsi ya ishi mutum biyu. Kada kwaɗayin araha ya sa ki ɗauko buhun wake, ƙwari za su riga ku cinyewa. Ki ji farashi wurin mutum uku kafin ki taya, kuma ki leƙa gindin mudun, don wani a bubbuge yake.

Tumatir, tattasai, attarugu da albasa kuwa, ki nufi kasuwar Bakin Dogo, nan cikin Kaduna, da sassafe. Kwando ya yi muku yawa, ku haɗa kuɗi da maƙwabciya ku raba. Da kin dawo ki markaɗa, ki tafasa har ruwan ya tsotse, ki ɗura a kwalba ki tsiyaya mai a kai, tunda firji sai da wuta. Lokacin sanyi da tumatir ke araha, yanka wani ki shanya.

Kuɗin Keke Napep da na ɗan dako, ware su tun daga gida.