Haɗa hotunan titi da dare: inda aka fi yin tuntuɓe da yadda ake gyarawa

Hoton nan na birni da ake gani fitilun motoci sun ja dogayen layuka ja da fari, sama kuma ta yi shuɗi, sau da yawa ba ɗauka ɗaya ba ne. Hotuna da yawa ne ake ɗora kan juna a manhajar gyaran hoto ta Photoshop. Mafi yawan ɓarnar da mutum yake fama da ita a gaban kwamfuta kuwa, tun a bakin titi ya yi ta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin kyamara ta zaɓar wa kanta saiti. Mota mai fitila mai ƙarfi ta shigo, kyamara ta rage haske. Ta wuce, ta ƙara. Idan aka zo haɗawa sai gini ɗaya ya fito da launi uku. A mayar da kyamara kan M, wato saitin hannu, ISO (ƙarfin jin haske) 100, buɗewar lens f/8 ko f/11, shata (tsawon lokacin ɗauka) daƙiƙa 10 zuwa 15. Launin haske ma a kulle shi, misali a 4000K, domin fitilun titi gauraye suke: tsofaffi masu ruwan lemo, sababbi na sola farare. A saita fokas sau ɗaya a kan gini mai nisa, sannan a kashe na atomatik. A ɗauka da RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba.

Sai motsi. Mazauni mai ƙafa uku dole ne, amma bai isa ba. A kashe mai hana girgiza na jikin lens, wanda Canon ke kira IS, Nikon kuma VR, don idan kyamara na tsaye cak shi da kansa yana iya jawo rawa. A sa jinkirin daƙiƙa 2 kada yatsa ya motsa ta. Wanda ya hau gada ya sani cewa gada tana rawa duk lokacin da tirela ta bi ta. Gara ya kafa kusa da ginshiƙi, ba a tsakiya ba, ya kuma ɗauki fiye da yadda yake buƙata don ya watsar da masu dishi-dishi.

Wasu suna matse lens zuwa f/22 don shata ta daɗe. Kaifin hoto yana raguwa, kuma duk ƙurar da ta kwanta a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, musamman da hunturu, za ta fito ɗigo-ɗigo a sararin sama. Gilashin rage haske na ND ya fi. Haka nan a kashe saitin rage dusa (ɗige-ɗigen da ke fitowa a hoto) na doguwar ɗauka: bayan kowane hoto na daƙiƙa 15 sai kyamara ta tsaya wasu 15, motoci na wucewa ba a ɗauka, layukan su fito da giɓi.

Shuɗin sama ba ya jira. A gari kamar Kano minti ashirin da ɗoriya ne bayan faɗuwar rana, ga shi ya faɗo daidai magariba. Mafita ita ce bayan sallar asuba: a fara da fitilun motoci da sauran duhu, a bar kyamara inda take, a ɗauki sama idan ta fara washewa. Motoci kaɗan ne a lokacin, saboda haka a ƙara yawan ɗauka.

A kwamfuta, kada a gyara kowane hoto daban. A gyara ɗaya a manhajar Lightroom, a kwafa saitin ga sauran, a buɗe su a Photoshop leya-leya, wato ɗaya a kan ɗaya, a danna Auto-Align Layers don su daidaitu ko da an yi amfani da mazauni. Hoton da ginin da sama suka fi kyau shi ne na ƙasa; na samansa duka a mayar da su Lighten, wanda ke barin abin da ya fi haske kawai ya bayyana. Matsalarsa ita ce yana tattaro hasken da ba a so: allon talla ya ƙone fari fat, mai tallan da ya haska tocila ya zama fatalwa. A sa wa kowace leya ta sama baƙin mas, wato mayafin da ke ɓoye ta, a buɗe titin kaɗai da farin buroshi mai laushi, ƙarfinsa kamar kashi 30.

Zari ma yana ɓata aiki. Leya talatin takan mayar da kwalta farin ƙyalle, ba a bambance layi daga layi. A kunna su ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ba ta kawo sabon layi ba a goge ta.