Yadda Za Ka Kwatanta Kamfanonin Jiragen Sama Kafin Ka Sayi Tikitin Ƙasar Waje

Yawancin wahalar da matafiya ke sha a filayen jiragen sama, daga kwana a kan kujera har zuwa ɓatan akwati, tana farawa ne tun ranar da aka sayi tikiti. A ganina, abin da ya fi dacewa a auna kamfanoni da shi shi ne nauyin da kowannensu zai ɗauka idan tafiya ta samu tangarɗa, farashi kuma ya biyo baya.

Ka fara da daidaita farashin, domin kuɗin da ake nunawa da farko sau da yawa bai haɗa da akwati ko zaɓen kujera ba. Wani kamfanin yana ba da akwati biyu masu nauyin kilo 23 kowanne, wani ɗaya kawai, wani kuma jakar hannu kaɗai. Ka tara kuɗin duk abin da kake bukata, tare da tarar sauya ranar tafiya, kafin ka ce wannan ya fi wancan araha.

Babban batun shi ne yada zango. Idan tafiyarka tana bukatar sauya jirgi a hanya, ka tabbatar dukkan zangunan suna cikin tikiti ɗaya, da lambar rajista ɗaya mai haruffa da lambobi shida. Amfanin haka a bayyane yake: idan jirgin farko ya makara har na biyu ya tashi ya bar ka, kamfanin ne zai nema maka wani jirgin ba tare da ka ƙara ko sisi ba, kuma galibi akwatinka yana wucewa kai tsaye zuwa inda za ka sauka. Wasu shafukan sayar da tikiti kuwa sukan haɗa tikiti biyu daga kamfanonin da babu yarjejeniya tsakaninsu. A nan kai ne za ka bi layin jami'an shige da fice, ka tsaya gaban bel ɗin kaya kana duba agogo, ka ja akwatinka zuwa wani teburin a sake auna shi, kuma idan aka rufe ƙofa kafin ka iso, kamfani na biyu zai ɗauke ka a matsayin wanda bai zo ba. Ƙa'idar yawancin kamfanoni ita ce wanda bai hau zango ɗaya ba, ana soke sauran zangunan tikitinsa, har da na dawowa. Ko a tikiti ɗaya ma, ban ba da shawarar karɓar tazarar da ta gaza awa biyu a babban filin jirgi ba.

Sanin ƙawancen kamfanoni yana taimakawa a nan. Ethiopian Airlines da Turkish Airlines da Lufthansa suna cikin Star Alliance, wadda aka kafa a 1997. Qatar Airways da British Airways da Royal Air Maroc suna cikin oneworld. Air France da KLM da Kenya Airways kuma suna cikin SkyTeam. Kamfanonin ƙawance ɗaya sukan sayar da kujerun jiragen juna, saboda haka ka karanta ƙaramin rubutun da ke nuna kamfanin da zai yi jigilar a zahiri, domin jirginsa za ka hau, abincinsa za ka ci.

Kada ka biya kuɗi kafin ka binciki bizar ƙasar da za ka yada zango a cikinta. A Amurka duk mai wucewa sai ya bi ta hannun jami'an shige da fice, ko da awa ɗaya zai yi. Birtaniya da ƙasashen yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka cire binciken fasfo a iyakokin da ke tsakaninsu, suna neman bizar wucewa daga 'yan wasu ƙasashe, kuma sauya jirgi a birane biyu na Shengen, misali Faris sannan Frankfurt, shiga yankin ne, ba wucewa ba. Ƙasashe da dama kuma ba sa karɓar fasfon da ya rage ƙasa da wata shida ya ƙare.

Doka ma tana bambanta kamfanoni. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004 ta tanadi diyyar Yuro 250 ko 400 ko 600, gwargwadon nisan tafiya, idan aka soke tashi a ƙurarren lokaci ko jirgi ya isa da jinkirin awa uku zuwa sama, sai dai idan dalilin ya fi ƙarfin kamfani, kamar mummunan yanayi. Ta shafi kowane jirgin da ya tashi daga Tarayyar, amma a tafiyar shiga cikinta, kamfanonin Tarayyar kaɗai ta shafa. Don haka idan tikiti biyu zuwa Turai sun yi kusa a farashi, wannan bambancin ya isa ya raba gardama.

Batun kaya kuwa Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ce ke tafiyar da shi a yawancin tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa, kuma ta yi wa diyya iyaka, shi ya sa magani da takardu da kayan ƙima suke zama a jakar hannu, tare da batirin cajin waya, wanda an hana saka shi a akwati. Idan akwatinka bai fito ba, kada ka bar ɗakin karɓar kaya sai ka cike takardar rahoto a teburin kamfanin, ka nuna ɗan tambarin da aka manna maka lokacin awo, ka karɓi lambar rahoton. Ƙorafin akwatin da ya lalace dole ne ya isa ga kamfani a rubuce cikin kwana 7, na wanda ya makara kuma cikin kwana 21 daga ranar da aka miƙa maka shi, tare da rasit na tufafi da sauran abubuwan da ka saya yayin da kake jira.