Yadda za ka gane zamanin gem daga jin kiɗansa kawai, ko ba ka kalli sikirin ba

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ɗan yayana ya zo mana nan Gwammaja, yana kwance a soro yana ta danne-danne a waya, ni kuma ina ƙofar gida ina wanke mashin, sai na ji wani kiɗa yana tashi daga wayar. Ko juyawa ban yi ba na ce masa wannan gem ɗin Sega ne, na farkon shekarun 1990. Yaro ya miƙe zaune ya ce "Baffa wallahi leƙawa ka yi." Na nuna masa hannuna duk kumfa. Ya canza wani, na ce famili gem, ya sake canzawa na ce wannan sabo ne ya yi shigar tsofaffi, daga nan fa ya maƙale min sai na koya masa. To abin da na koya masa ne zan zuba muku a nan, kuma babu wani siddabaru a ciki, kowane injin gem akwai iya abin da aisin sautinsa, wato ɗan ƙaramin abin da ke cikinsa mai fitar da sauti, zai iya, masu kiɗan kuma dole a cikin wannan iyakar suke aiki, shi ya sa kowane zamani yake da muryarsa.

Kafin komai ka nemi iyafis mai kunne biyu, ko mai arahar nan ne na bakin Farm Center. Sifikar waya cinye bes take yi gaba ɗaya, kuma rabin shaidar da muke nema a bes ɗin take. Sai ka shiga YouTube ka rubuta sunan gem ka ƙara OST a gaba, wato kiɗan gem ɗin zalla, in data tana maka wuya ka sauke da daddare.

Abu na farko da za ka saba wa kunnenka shi ne ƙirga muryoyi, wato sauti nawa ne suke tashi a lokaci ɗaya. In ka ji ƙit, ƙit, ɗaya bayan ɗaya babu wani kiɗa a baya, ka koma can farko, zamanin Pong na kamfanin Atari a 1972. In kuma sauti huɗu ne masu kauri suke ta maimaituwa suna gangarowa, dum dum dum dum, suna ƙara sauri kamar bugun zuciyar wanda kare ya biyo, Space Invaders ne na 1978. Saurin nan ma da farko ba shirya shi aka yi ba, injin ne yake samun sauƙi duk sanda ka kashe dodanni suka ragu sai ya ƙara gudu, wanda ya ƙirƙiri gem ɗin, Tomohiro Nishikado, ya ga abin ya yi daɗi ya bar shi haka.

Inda ya kamata ka daɗe shi ne famili gem, wanda muka taso da shi da kaset mai rubutun 9999 a ciki alhali gem biyar ne suke ta maimaita kansu. Asalinsa Famicom ne na Nintendo da ya fito a Japan a 1983, namu da ake sayarwa a Sabon Gari kwaikwayonsa ne. Aisinsa muryoyi biyar gare shi kacal. Biyu sirara masu kaifi su ne suke ɗaukar waƙar, ɗaya mai laushi tana ƙasa tana yin bes, ɗaya shuuu take kamar rediyo ta rasa tasha, da ita ake yin ganga da caki, ta biyar ɗin kuma ta ɗan guntun sautin da aka naɗa ce, ba kowane gem ne ma yake taɓa ta ba. Ga gwajin da ba ya ƙarya: kunna Super Mario Bros na 1985 a imuleta, wato manhajar da ake buga tsofaffin gem da ita a waya ko kwamfuta, ka saurari waƙar da kyau, sannan ka yi tsalle ko ka ɗauki kwabo. Za ka ji ɗaya daga cikin siraran muryoyin nan ta ɓace na ɗan lokaci sannan ta dawo, saboda ƙarar tsallen aron bakinta ta yi, babu wani baki na daban da za ta fita. Shekara nawa na yi ina buga Mario ban taɓa lura ba, ranar da na gane sai da na yi ta tsalle a wuri ɗaya kamar wanda aljanu suka taɓa har lokaci ya ƙare min.

Gem ɗin gaba ɗayansa, da hoto da kiɗa da komai, kilobait 40 ne, hoton da kake turawa a WhatsApp ya fi shi nauyi. Koji Kondo da ya yi kiɗan ba shi da wurin ɓoye rauni, babu tarin kayan kiɗa da za su rufa masa asiri, in waƙar ba ta da daɗi a tsirararta to shi ke nan. Ni yakan tuna min da marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, abin hannun kaɗan ne amma ba ka isa ka manta abin da ya fito daga ciki ba. A 2023 ma ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya saka wannan kiɗan na Mario cikin sautukan da ake adanawa don tarihi, shi ne na gem na farko da ya shiga. Game Boy na 1989 ɗan gidansu ne, muryoyi huɗu, kuma shahararren kiɗan Tetris da ke ciki tsohuwar waƙar gargajiya ce ta Rasha aka juya ta.

Sai wurin da mutane suka fi ruɗewa, Sega da Super Nintendo, don zamaninsu ɗaya amma hanyarsu ta sha bamban. Sega Mega Drive ta 1988 aisin kamfanin Yamaha ne a cikinta, eh Yamaha ɗin dai da ke yin fiyanon da ake buga waƙoƙin finafinanmu da shi a situdiyoyin Kano, muryoyi shida ne da wani ƙaramin aisi yana taya shi. Shi wannan aisin ƙera sautin yake da lissafi a nan take, shi ya sa za ka ji komai da ƙarfe-ƙarfe, bes ɗin yana da tsini kamar an ja wayar burki an sake ta, in kuma an saka muryar mutum sai ta fito a shaƙe kamar mai mura, ka tuna yadda ake kiran sunan Sega a farkon Sonic. Don horar da kunne ka nemi Streets of Rage 2 na 1992 wanda Yuzo Koshiro ya yi yawancin kiɗansa, ka ƙure iyafis ɗin, a ganina har yau ba a yi abin da ya fi shi a injin ba, wanda bai yarda ba mu haɗu a shayi.

Wani abu da ya taɓa rikita ni, na kunna Sonic na 1991 a YouTube sai na ji kiɗan yana gudu fiye da yadda na san shi, har na fara zargin mai bidiyon da ƙara masa wuta. Ashe injin da ke gidan gem ɗin layinmu irin na Turai ne mai tafiya da tsarin talabijin na hoto 50 a daƙiƙa, na Japan da Amurka kuma 60 ne, don haka mu Sonic mai nawa muka taso da shi ba mu sani ba, kusan kashi ɗaya cikin shida na gudunsa babu. In hakan ta same ka sai ka ƙara PAL, wato sunan tsarin na Turai, a abin da ka rubuta a YouTube, za ka samu naka na yarinta.

Ita kuwa Super Nintendo ta 1990 guntayen sautin kayan kiɗa na gaske ake naɗowa a cusa mata, muryoyi takwas, amma memorin sautin kilobait 64 ne, dole a datse kowane sauti a matse shi. Sakamakon shi ne za ka ji goge da sarewa da ganga kamar na gaske amma a dushe, kamar ana biki a maƙota an rufe taga, ga amsa-kuwwa tana bin komai. Kiɗan cikin ruwa na Donkey Kong Country na 1994, aikin David Wise, shi ne misalin da zan ba ka. A taƙaice in ya yi kaifi yana cizo ka ce Sega, in ya yi laushi da amsa-kuwwa ka ce Super Nintendo, da wuya ka faɗi. Kuma injiniyan Sony da ya yi wa Nintendo wannan aisin, Ken Kutaragi, shi ne ya zo ya jagoranci PlayStation a 1994.

Daga PlayStation abin ya zama mai sauƙi ta wani gefen, tunda faifan CD ne, ana iya zuba waƙa sukutum yadda aka naɗe ta. Da ka ji mawaƙi yana rera baiti da amshi da jita ta gaske to ka shigo nan, zamanin da FIFA 98 yake buɗewa da waƙar ƙungiyar Blur ta Ingila, daga baya GTA San Andreas na 2004 ya zo da tashoshin rediyo a cikin mota, wanda a gidan gem in ka tsaya canza tasha sai na bayanka ya ce malam lokacinka fa yana tafiya. GTA IV na 2008 har da tashar da Femi Kuti yake gabatarwa ana saka waƙoƙin mahaifinsa Fela. Amma ka yi hattara, ba duk na PlayStation ta farko ne naɗaɗɗe ba, Final Fantasy VII na 1997 yawancin kiɗan da Nobuo Uematsu ya yi masa aisin injin ne yake bugawa, shi ya sa yake kama da na Super Nintendo. Ɗaukar waƙoƙin mutane kuma ya zo da nasa rigingimun, a 2008 sai da Sony ta janye faifan LittleBigPlanet ta ɗage fitowarsa saboda an gano akwai ayoyin Alƙur'ani a cikin wata waƙar Toumani Diabaté ɗan Mali da aka saka.

Na yanzu kuma ba a gane su da irin sautin, tunda komai suna iyawa, har ƙungiyar makaɗa guda ake tarawa a naɗa, kuma tun 2023 Grammy, wato babbar gasar kyaututtukan waƙa ta Amurka, ta ware musu kyautarsu daban. Halinsu za ka gwada. Ka tsaya cak a wuri ɗaya ka ji kiɗan ya lafa, ka matsa kusa da abokan gaba ka ji ganguna suna shigowa a hankali, ka gudu ka ji sun janye ba tare da waƙar ta yanke ba. Dabarar tsohuwa ce fa, a Super Mario World na 1990 da ka hau Yoshi, dabbar nan da Mario yake hawa, ake ƙara ganga a kan waƙar, ka sauka ta ɗauke, yanzu ne dai abin ya zama ruwan dare.

Saura masu shigar tsofaffi, irin wanda yaron ya so ya kama ni da shi. Shovel Knight na 2014 da Undertale na 2015 duk suna da sautin da za ka rantse famili gem ne. Koma kan ƙirga. In siraran muryoyin sun wuce biyu suna ta hawa kan juna, ko ka yi tsalle babu muryar da ta ɓace, ko can cikin waƙar fiyano mai tsabta ya faɗo, to ɗan zamani ne.

In kana so abin ya zauna maka daram sai ka haɗa naka. Buɗe BeepBox a burauza, shafin haɗa kiɗa ne, kyauta ne ba a sauke komai, yana buɗewa da layi uku na waƙa da ɗaya na ganga, kusan daidai da abin da Kondo ya samu. Ka ɗaure kanka kar ka ƙara layi ko ɗaya. Fara da ganga, ka bi da bes, sannan waƙar, na ukun ka bar shi yana amsa mata kamar 'yan amshi. In kana son kalangu kar ka neme shi a layin ganga, je layin bes ka ja wutsiyar sautin sama ko ƙasa, shi ne zai ba ka wannan lanƙwasar da makaɗi yake yi in ya matse tsarkiya a hammata. Waƙar a cikin adireshin shafin take zama, don haka kana gamawa ka kwafe shi ka tura wa kanka a WhatsApp, ni na taɓa yin ta awa biyu a kwamfutar wani shago aka ɗauke wuta, da na dawo washegari an goge komai. Wanda ya ga ya fara iyawa sai ya koma manhajar FamiStudio, akwai shi a Android, shi ainihin aisin famili gem yake kwaikwaya.

Ɗan yayan nawa kafin magariba ya haɗa tasa ta daƙiƙa ashirin, ya shiga ciki da gudu ya kunna wa Hajiya, ta saurara ta saurara ta ce a duba bayan firij gyare ya shigo.