Darasi Na Tara: Kafin Ka Kwashe Iyali Daga Legas

A Agege, a Idi-Araba, a Mile 12 da Alaba Rago, duk majalisar da ka zauna za ka ji ana kukan kuɗin haya da kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, zuwa wurin nema da dawowa ya zama wani nauyi na dabam. Kafin nan ma, a watan Yunin 2022, gwamnatin jihar Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, daga baya ta ƙara wasu irin su Mushin da Oshodi-Isolo. 'Yan'uwanmu da yawa da babur suke ci da iyalinsu. Wasu sun koma gida Arewa. Wasu kuma ba su shirya komawa gida ba, amma Legas ta yi musu zafi, suna tunanin wani gari madaidaici, inda ɗaki ke da sauƙi kuma abinci na kusa da gona.

A wannan darasi za mu ɗauki Ilorin a matsayin misali. Abin da muka koya a kanta zai yi amfani ga mai tunanin Ogbomosho, ko Oshogbo, ko Minna, ko Lokoja.

Garin da muke magana a kai

Ilorin ce babban birnin jihar Kwara, wadda aka ƙirƙira a 1967. Tsakaninta da Legas kimanin kilomita 300 ne. Mota kan bi ta Ibadan, ta wuce Oyo da Ogbomosho, sannan ta shiga garin. In ka ci gaba da tafiya sai Jebba, ka haye kogin Kwara, ka kama hanyar Mokwa zuwa Arewa. Wato mai zama a Ilorin ya rage wa kansa wani babban yanki na tafiyar gida, in sallah ta zo ko aka yi rasuwa.

Gari ne na Musulunci mai sarki, kuma masarautarsa ta shiga cikin daular Usmaniyya ta Sakkwato a ƙarni na 19. Yarabanci ne harshen kasuwa da na titi, don haka wanda ya tsinci Yarabanci a Legas kada ya yar da shi, jari ne. Akwai Hausawa a unguwar Gambari tun kaka da kakanni. Akwai Jami'ar Ilorin da aka kafa a 1975, da asibitin koyarwarta, da manyan kasuwanni irin su Oja Oba da Ipata da Mandate. Duk inda ɗalibai da ma'aikata suka taru, mai shayi da mai tsire da mai gyaran takalmi ba sa rasa na cefane.

Sai dai zafin watan Maris ya fi na Legas, hunturu kuma yana busawa sosai. Ɗan Arewa ba baƙon wannan ba ne, amma yaran da aka haifa a bakin teku sai an tanadar musu rigar sanyi da man shafawa.

Lissafin da ya fi komai

Ga inda mutane suka fi yin kuskure. Mutum zai ji an ce haya a can ba ta kai ta nan ba, sai ya fara ɗaure kaya. Bai tambayi kansa nawa zai riƙa samu a can ba. Garin da kaya ke da araha, kuɗin ma ba ya yawo a cikinsa kamar na Legas. Duba ko albashin gwamnati: a 2024 mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000, Kwara ta tsaya a kan haka, Legas kuwa ta ce 85,000 za ta biya. Aljihun masu sayen kayanka ke nan, ba ɗaya ba ne.

Don haka abin tambaya shi ne: bayan na ci, na biya haya, na biya mota, nawa zai rage a hannuna?

Ɗauki biro mu gwada. Waɗannan alƙaluma na koyon lissafi ne kawai, kai za ka sa naka na gaskiya. A ce mai shayi yana samun ribar naira 8,000 a rana a Legas, yana kashe 6,500 a abinci da mota da ruwa da abin da yake warewa na haya. Saura 1,500. A ce a sabon gari ribarsa 5,000 ce, kashewarsa 3,800. Saura 1,200. Ka ga an samu sauƙin rayuwa, amma abin ajiya ya ragu. In kuwa ya dace da wuri a bakin tasha ribar ta kai 6,000, to saura 2,200, ƙaurar ta biya. Gari ɗaya ne, bambancin yana wurin da ya kafa teburinsa. Shi ya sa ba a yanke wannan shawara daga nesa.

Karanta wannan hira da babbar murya

"Yaya, na gaji. Maigidan haya ya sake ƙara kuɗi. Ina so in kwashe su mu koma Ilorin ƙarshen wata."

"Ka taɓa kwana a garin?"

"A'a, wucewa dai nake yi a mota."

"To, ka je kai kaɗai tukuna. Ka sauka wurin mutanenmu, ka gaida Sarkin Hausawa, ka gaya masa sana'arka. Da ɗan gari akan ci gari."

"Iyalin fa, Yaya?"

"Su zauna nan har yara su gama zangon karatu. Uwargidanka ka yi shawara da ita? Ita ma tana da masu sayen fura da adashin da take zubi. Kada ka raba ta da su da rana tsaka."

Maganar yayan nan ta ƙarshe abin riƙewa ce. Sau da yawa sana'ar cikin gida ce ke rufa asirin tukunya in kasuwar maigida ta yi sanyi. Mace ta shekara goma tana tara masu sayen ƙosai ko masu kawo ɗinki, ba daidai ba ne a ce mata gobe za mu tashi. A jira ta kwashi adashinta, ta karɓi basukanta, ta sallami mutane cikin mutunci.

Kama ɗaki

Kada ka tura wa dillali ko sisi a kan hoton da ya aiko maka a waya. Ka je da ƙafarka, kuma ka je sau biyu, da rana da kuma bayan magariba. Da rana ka ɗaga kai ka dubi silin, in akwai shatar ruwa kamar taswira, ɗakin yana yoyo. Ka duba gindin bango ta waje, in ka ga layin laka ya kai gwiwa, ruwa na shiga gidan da damina, musamman a unguwannin da ke kusa da kogin Asa. Ka leƙa banɗaki ka ƙirga ɗakuna nawa ke amfani da shi. Da dare kuma za ka ga ko akwai wuta, ka ji yadda unguwar take.

Ka tambayi maƙwabta, ba dillali ba: rijiya ce ko burtsatse? Tana ƙafewa da rani? Wutar Ilorin tana hannun kamfanin rarraba lantarki na Ibadan ne, to ka bincika ko gidan na da mita mai kati, kuma ko wanda ya tashi ya bar bashi a kanta. A aikace, sau da yawa bashin wuta yakan bi gida, ba wanda ya sha ba.

Ranar biya, a rubuta komai: kuɗin haya, la'adar dillali, kuɗin yarjejeniya, ranar shiga da ranar ƙarewa. Ka biya mai gidan da kansa, gaban shaidu biyu, ka karɓi rasit mai sa hannu. In karatunka bai kai ba tukuna, ka tafi da wanda ka amince da shi ya karanta maka layi-layi kafin ka dangwala yatsa. Ba abin kunya ba ne, kuma saboda irin wannan rana muke zaune a ajin nan.

Batun sayen fili kuwa, ka dakata sai ka shekara. Wanda ya ga yadda ake sayar wa mutum biyu fili ɗaya a Legas ya san dalili.

Ranar tashi

Ka gaya wa mai gidanka na Legas da wuri, ka nemi kuɗin ajiyarka in ka bayar. Ka karɓi takardar canjin makarantar yara da sakamakon jarrabawarsu. Katin rigakafin jariri da katin awon ciki su zauna a jakar hannu tare da takardun haihuwa, ba a cikin buhun kaya ba. Lambar NIN ɗinka ba ta canzawa, amma katin zaɓe sai ka je ofishin INEC a mayar da rumfarka sabon wuri.

Kaya masu nauyi ana iya shirya su da direbobin manyan motocin da suka sauke shanu ko tumatir za su juya Arewa. Kaya kawai. Ina roƙonka kada ka ɗora matarka da 'ya'yanka a bayan tirela don ragin kuɗin mota, an yi asarar rayuka da yawa ta haka. Ku shiga motar fasinja da sassafe don ku isa da rana. Akwai kuma jirgin ƙasa da ya fara aiki a 2021, yana tsayawa a Agege ya kai ka Moniya a Ibadan, daga nan sai mota.

Aikin gida

Raba shafin littafinka biyu. A dama rubuta Legas, a hagu rubuta sunan garin da kake tunani. A ƙarƙashin Legas, kullum da dare har mako guda ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, har da kuɗin ruwan mai garuwa da na cajin waya. Don cike ɗaya ɓangaren, ka kira mutum biyu mazauna garin masu sana'a irin taka, ka tambaye su kuɗin ɗaki a shekara, kuɗin mudun shinkafa, da cinikinsu a ranar da kasuwa ba ta ci ba. Ku zo da littattafan ranar darasi mai zuwa, za mu yi ɗebewar tare a allo.