Sunan sabar SQL Server da asusun da za ta yi aiki da shi

A ofisoshinmu na Damagaram ana yawan yin gaggawa a kan waɗannan biyun lokacin girka SQL Server, manhajar adana bayanai ta Microsoft, daga baya a sha wahala.

Da fari, gyara sunan kwamfutar kafin ka girka komai, domin canza shi daga baya aiki ne mai cin rai. Sai ka zaɓi sunan sabar. In ka bar na asali, MSSQLSERVER ne, yana karɓar haɗi ta ƙofa (port) 1433. In naka za ka sa, kada ya wuce haruffa 16.

Asusun aiki kuwa, wato asusun Windows da sabar za ta yi aiki da shi, don Allah kada ka ba shi ikon shugaban kwamfuta (administrator). Bar wanda manhajar ta kawo, NT Service\MSSQLSERVER in sunan asali ka bari, ya wadatar. In za ka sauya shi, bi ta SQL Server Configuration Manager, shi ke daidaita izini.