Kurakuran da ke ba mai kutse ƙofa a ƙananan na'urori

Mitar wuta, kyamarar tsaro a shagunan Kasuwar Gumi, injin sola mai aika rahoto zuwa waya: yawancin manhajar da ke haɗa su da intanet da harshen rubuta manhaja na C aka rubuta ta. Shi kuwa C ba ya hana ka zuba abin da ya fi ƙarfin gurbin da ka ware a ma'ajiya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne gaskata tsawon da fakiti, wato ƙunshin bayanan da ke shigowa ta intanet, ya faɗa da bakinsa. Ka ware bayit 128 (bayit ma'aunin girman bayanai ne), fakiti ya ce 600 yake ɗauke da su, memcpy, umarnin C mai kwafar bayanai, ta kwashe duka, rarar ta malale kan adireshin da manhaja za ta koma bayan ta gama wannan aikin. Shi ke nan, linzami ya shiga hannun mai kutse. Kafin kowane kwafi, gwada tsawon da aka faɗa da abin da ya iso a zahiri, sannan da girman gurbin. Duka biyun. Kan fakitin IPv4 (ƙa'idar aika fakiti a intanet), wato bayanan da ke farkonsa, ba ya gaza bayit 20, ba ya wuce 60. Wanda ya saɓa, a yar da shi.

DNS, tsarin da ke fassara sunan shafi zuwa adireshin intanet, ya fi cin mutane. Kowane yankin suna, wato abin da ke tsakanin ɗigo da ɗigo, iyakarsa bayit 63, sunan gaba ɗaya 255. Akwai kuma manunin taƙaitawa, wanda bit biyunsa na sama suke 11 (bit shi ne 0 ko 1), mai cewa a koma baya cikin fakitin a ƙarasa karanta sunan. In ba a tsare shi ba, sai ya nuna kansa, na'ura ta yi ta kewaye har ta sandare, ko ya nuna wajen fakitin. Tilasta masa nuna baya kawai, ka kuma ƙayyade yawan tsallen. Irin wannan sakacin ne kamfanonin tsaron intanet Forescout da JSOF suka fallasa a 2021 da sunan NAME:WRECK.

Sai lissafin girma. A lamba mai bit 16, in ka ƙara 2 kan 65535 sai ta dawo 1, malloc, umarnin C mai ware gurbi a ma'ajiya, ta miƙo maka ɗan mitsitsin gurbi. Duba iyaka kafin tarawa, ba bayanta ba.

Kada gwaji ya tsaya a kan allon na'urar. Harhaɗa sashen karanta fakiti a kwamfuta da AddressSanitizer, mai kama duk taɓin ma'ajiya da ya wuce iyaka, ka bar libFuzzer, mai ƙirƙiro bayanan gwaji barkatai, ya kwana yana ɗura masa tarkace.

Masu odar kaya kuma, a kula. Ripple20 na 2020, raunuka 19 ne da aka gano a manhajar sadarwa ta kamfanin Treck, wadda ke ɓoye cikin kayan kamfanoni da dama. Kafin ka biya kuɗin katan guda, tambayi dila wace manhajar sadarwa ce a ciki, wane zubi, kuma ta yaya ake sabunta ta bayan an girka.