Yadda za ka gane bashin wa ke gaba, banki ko ƙungiyar unguwa, idan za a yi gwanjon gida a Amurka

A yawancin sababbin unguwannin Amurka, mai gida na da masu bin sa kuɗi biyu: bankin da ya ba shi rance ya riƙe gidan jingina, da ƙungiyar masu gidajen unguwar, wadda ake ce wa HOA, mai karɓar kuɗin wata-wata na yankan ciyawa da fitilu da gyaran hanya. Mutanenmu da ke can sukan raina na biyun saboda bai taka kara ya karya ba, kuma abin yana damuna, domin idan kuɗin ya taru ƙungiyar na da ikon ɗora bashin a kan gidan, a jihohi da dama har ta kai shi gwanjo. Ko gidan naka ne, ko kai ne mai shirin saye, ga yadda za ka bi diddigi.

Fara da ofishin rajistar filaye na gundumar da gidan yake. Da yawansu suna intanet. Kowace takardar bashi tana ɗauke da hatimin rana da lamba a samanta, su za ka jera. Ƙa'idar asali ita ce wanda ya riga yin rajista shi ne a gaba, ban da harajin gida na hukuma, wanda ke tsallake kowa. Riƙe wannan da kyau: idan na gaba ya yi gwanjo, haƙƙin na baya a kan gidan ya faɗi, idan na baya ne ya yi, bashin na gaba yana nan manne da gidan, ya bi wanda ya saya.

Na biyu, nemo kundin sharuɗɗan unguwar. Galibi an yi masa rajista tun kafin a sayar da gida ko ɗaya, amma sau da yawa akwai sakin layi a ciki da ke cewa ƙungiya ta yarda ta bi bayan jinginar farko, wato ta bankin da ya ba da rancen gidan. Ba don haka ba, da wuya banki ya ba da rance a unguwar.

Na uku shi ne inda gizo ke saƙar: dokar jiha, wadda takan rinjayi kundin. A 1982 aka fitar da wani daftarin doka na bai-ɗaya da ya bai wa ƙungiyar unguwa fifiko a kan banki na kuɗin wata shida, wasu jihohi suka ɗauka. Kolorado na kan wata shida, Nebada ta mayar da shi tara. Shekaru da yawa bankuna sun ɗauka ma'anar fifikon ita ce a fara biyan ƙungiya ɗan kuɗinta kawai. Sai ga wani gida a unguwar Southern Highlands ta Las Begas a jihar Nebada, wanda aka karɓi rancen dala 885,000 a kansa a 2007. Kuɗin unguwa ya taru, ƙungiya ta yi gwanjo a 2012, kamfanin SFR Investments ya saye shi dala 6,000. A watan Satumba na 2014 Kotun Ƙolin Nebada ta ce fifikon na gaske ne, gwanjon ƙungiya yana iya shafe jinginar banki ɗungurungum. A shekarar nan kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washinton ta yi irin wannan hukunci a shari'ar Chase Plaza.

Kada ka ɗauki na Nebada ka auna ko'ina da shi. A Kalifoniya babu wannan fifiko, kuma ƙungiya ba ta gwanjo sai bashin ya kai dala 1,800 ko ya haura wata 12. A Fulorida jinginar farko na nan daram, sai dai idan banki ya karɓe gidan zai biya ƙungiya kuɗin wata 12 ko kashi 1 cikin 100 na asalin rancen, duk wanda ya fi ƙanƙanta.

Na huɗu, idan jihar mai fifiko ce, bincika ko banki ya biya wannan kason kafin ranar gwanjo. Kotun Nebada ta tabbatar a 2018 cewa bankin da ya miƙa cikakken kuɗin wata taran ya tsirar da jinginarsa, ko da ƙungiya ta ƙi karɓa. Ka ga mai saye zai iya biyan dala dubu kaɗan yana murna, alhali dutsen bashi na nan a kan gidan. Tun gyaran dokar Nebada na 2015 kuma, dole a sanar da banki, sannan shi da mai gida suna da kwana 60 bayan gwanjo su fanshi gidan. A cikin kwanakin nan kada ka kashe ko sisi wajen fenti.

Na biyar, tambayi wa ke da rancen a zahiri, domin sunan da ke kan wasiƙar biya ba lallai shi ne mai kuɗin ba. Idan na Fannie Mae ne ko Freddie Mac, manyan kamfanoni biyu masu sayen rancen gidaje daga hannun bankuna, dokar tarayya ta 2008 ta hana a shafe haƙƙinsu ba da yardar FHFA, hukumar tarayya mai kula da su, ba, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai kula da shiyya ta tara kuma ta jaddada haka a 2017. Wannan bincike aikin kamfanin tantance takardun gida ne da lauyan jihar, kuma kuɗinsu bai kai asarar ba.

Idan kuwa kai ne mai gidan, buɗe ambulan ƙungiya ranar da ya zo, kada ya kwana a kan tebur cikin takardun talla. Nemi lissafi a rubuce, wata bi wata, a ware kuɗin wata daga tara da ladan lauya, ka roƙi a tsara maka biya kaɗan-kaɗan, ka kuma sanar da bankinka. Sau da yawa banki kan biya ƙungiya don kare kansa, ya ƙara kuɗin a kan bashinka. Hakan ya fi gwanjo sauƙi nesa ba kusa ba, domin ko an shafe jinginar, takardar alkawarin biyan da ka sa wa hannu ba ta mutu ba: gida ya tafi, banki kuma yana iya ci gaba da bin ka.